Harshe Ɗaya, Tuta Biyu: Illela da Ƙonni a Madubin Tarihin Albaniya



Na tabbata tun ran da aka manna sanarwar wannan lacca akwai waɗanda suka karanta kanta suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska? Ina Illela, garin kan iyaka da ke arewacin Jihar Sakkwato, ina kuma Albaniya, wata 'yar ƙasa mai duwatsu a kudu maso gabashin Turai? To, sunan dai ba baƙo ba ne a kunnenmu, ko da yake ba kowa ya lura ba. Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya ji ana cewa Albani ya inganta hadisi kaza, ko ya raunana hadisi kaza. Wannan malami, watau Shaihu Muhammadu Nasiruddin, laƙabin nasa jingina shi ne ga ƙasarsu, kamar yadda mukan ce Bagobiri ko Ba'adare. An haife shi a 1914 a birnin Ishkodara na arewacin Albaniya, mahaifinsa ya kwashe iyali zuwa Dimashƙa tun yana yaro, ya kuma rasu a Amman a 1999. Haka nan Muhammadu Ali Basha, wanda ya kama mulkin Masar a 1805, zuriyarsa suka yi ta sarauta a can har 1953, asalinsa daga Albaniyawa yake.

Abin da nake nufin nunawa a yau shi ne, Albaniyawa da Hausawa jirgi ɗaya ya ɗebo su. Dukansu al'umma ce mai harshe ɗaya wadda waɗansu baƙi suka zauna a Landan suka ratsa ta da iyaka. Inda suka rabu shi ne abin da kowace ta yi da harshenta bayan an ja layin. Zan fara da gida.

Yadda Iyaka Ta Faɗo Tsakanin Illela da Ƙonni

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Kware da Gwadabawa, bayan tafiyar kilomita 80 da 'yan kai zai iske kansa a Illela. In ya ƙara 'yan kilomita kaɗan, ya wuce shingen kwastan da na jandarma, sai ga shi a Birnin Ƙonni ta Jumhuriyar Nijar. Ran Lahadi kasuwar Illela ke ci, ran Laraba ta Ƙonni, kuma galibin fuskokin da za ka gani a karar shanu ta wannan su za ka gani a waccan. Ƙasa ɗaya ce a idon manomi da makiyayi, tun daga fadamar Kalmalo har duwatsun Adar. A idon tarihi ma haka take. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, garin kuwa yau a Nijar yake, kusa da Galmi. A Ɗegel ya girma ya karantar, ita kuwa a Nijeriya take. Bayan hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci, tun kafin a yi karon Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. Watau in da za a ba Shehu takardar shaidar haihuwa bisa ƙa'idar yau, da sai ya nuna ta a shinge kafin ya isa gidan da ya tashi.

Iyakar ba rana ɗaya ta zo ba, sau huɗu aka yi ta gwaji. A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka amince a kan wani layi daga Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, alhali a lokacin babu sojan ɗayansu ko ɗaya a ƙasar Hausa. Ran 14 ga watan Yuni, 1898, suka sake zama a Paris, suka kafa ƙafar kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato a bisa taswira, suka zana baka mai nisan mil 100. Duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne, har da Ƙonni. Ku lura, wannan ya faru shekara biyar kafin Turawa su shiga Sakkwato ran 15 ga watan Maris, 1903. An raba gadon mutum yana raye, yana kuma kan karagarsa.

Faransawa ba su daɗe ba suka gane an yi musu wayo. Suna so su haɗa ƙasarsu ta bakin Kwara da Damagaram da Cadi, amma hanyar da aka bar musu ta zagaya ta arewacin bakan, inda rijiyoyi ke da nisa da juna. Wannan na cikin dalilan da suka sa rundunar Voulet da Chanoine ta ƙi bin arewa, ta ratso cikin yankin da takarda ta ce na Ingila ne. Bayan karonsu da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu na 1899, sai suka auka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu, suka yi kisan da har yanzu tsofaffin garin ke ba da labarinsa. Daga nan Faransa ta dinga matsa lamba a ba ta hanya mai ruwa. A yarjejeniyar 8 ga watan Afrilu, 1904, ta sarayar da haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can gabashin Kanada, aka saka mata da abubuwa da dama, ciki har da turo iyakar nan kudu. Amma ko a lokacin layin ta arewacin Ƙonni ya bi. Sai a yarjejeniyar Landan ta 29 ga watan Mayu, 1906, aka sake turo shi ya faɗo tsakanin Ƙonni da Illela. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa turaku, guda 148 daga Kwara zuwa Cadi. Ashe kifi ya haɗu da kaska tun tuni: kifin tekun Kanada na cikin abin da aka auna ƙasar Gobir da Adar da shi.

Yanzu ga abin da ya kai ni Albaniya. Mutum biyu suka sa hannu a takardar 1906: Sir Edward Grey, ministan harkokin wajen Ingila, da Paul Cambon, jakadan Faransa a Landan. Bayan shekara shida, a watan Disamba na 1912, aka buɗe taron jakadun manyan ƙasashen Turai shida a wannan birni domin yanke iyakar sabuwar ƙasar Albaniya. Grey ne ya shugabanci taron, Cambon ne ya wakilci Faransa. Hannuwan da suka raba Illela da Ƙonni su suka raba Albaniyawa.

Su Wane Ne Albaniyawa?

Su da kansu ba su kiran kansu Albaniyawa. Harshensu shqip suke ce masa, mutum ɗaya kuma shqiptar. Turkawa da Larabawa kan kira su Arna'uɗ, shi ya sa za ku ga wannan laƙabi a bangon waɗansu littattafan hadisi da aka buga a Sham. (Kada wani ɗalibi ya fita daga nan ya ce na ce kalmar na da dangantaka da "arna" tamu. Kama da wane ba ta wane.) A 1854 masanin harsuna Bajamushe Franz Bopp ya tabbatar da cewa Albaniyanci na cikin babban gidan da ya haɗa Ingilishi da Faransanci da Farisanci da Hindi, amma reshensa shi kaɗai ne, ba wa ba ƙane. Galibin malaman Albaniya na ganin daga harshen mutanen Iliriya na dā ya fito. Abin da ba a jayayya a kai shi ne yawan aron da ya yi. Daga Latin na Rumawa ya ɗauki mik, aboki, da qen, kare, da mbret, sarki. Daga Larabci kuwa, ta bakin Turkawa, ya ɗauki kalmomin da Bahaushe zai gane in ya kasa kunne: dynja duniya ce, sahat sa'a ce, haber labari ne, xhep kuwa, da suke furtawa "jep", shi ne aljihunmu. Rijiya ɗaya muka ɗeba, guga ne ya bambanta.

Rubutun harshen mafi daɗewa da aka samu wata jimla ce ta wankan shiga addinin Kirista, wadda babban limamin cocin Durus ya rubuta a 1462. Littafi na farko kuwa na addu'o'in coci ne, na Gjon Buzuku, a 1555. Tsakanin waɗannan shekaru biyu ƙasar ta gama faɗawa hannun Daular Usmaniyya, ina nufin ta Turkawan Santambul, ba tamu ta Sakkwato ba. Gwarzonsu Iskandar Beg ya yi tawaye a 1443, ya tsare duwatsunsa shekara 25 har ya mutu a 1468, Ishkodara kuma ta faɗi a 1479. Waɗanda suka ƙi zama suka ƙetare teku zuwa kudancin Italiya, inda jikokinsu ke magana da tsohon harshen har yau. Waɗanda suka zauna, mafi yawansu suka musulunta sannu a hankali, aka bar Katolika a arewa, 'yan cocin Girka a kudu. A cikin duwatsun arewa kuwa dokar gargajiya ta ci gaba da aiki, wadda ginshiƙinta shi ne besa, watau alkawarin da ba a saɓawa da amanar baƙo ko da za a rasa rai.

Wannan rabuwa ta addini ita ce ta zame wa harshen ƙarfen ƙafa. Daular Turkawa da addini take ƙidaya talakawanta, ba da harshe ba. Ɗan Musulmi sai ya yi karatu da Turkanci da Larabci, ɗan cocin Girka da Girkanci, ɗan Katolika da Italiyanci da Latin. Kowa in zai rubuta harshen uwarsa sai ya ari baƙaƙen makarantarsa. A ƙarni na 18 aka sami mawaƙa Musulmi irin su Nezim Frakulla da Hasan Zyko Kamberi masu rubuta Albaniyanci da baƙaƙen Larabci, ana kiransu bejtexhinj, ma'ana masu baiti. Wannan shi ne ajaminsu, kuma zamaninsa bai yi nisa da na waƙoƙin Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u ba.

Rikicin Baƙaƙe

Da Rasha ta ci Turkiyya a yaƙin 1877 zuwa 1878, aka soma rabon ƙasashen yankin, sai shugabannin Albaniyawa suka haɗu a Firizren a 1878 domin hana a yayyanka ƙasarsu. Nan suka gane abin da kaɗai ya haɗa Musulminsu da Kiristansu shi ne harshe. 'Yan'uwa uku na gidan Frashëri, Musulmi ne, suka tsaya a kan lamarin: Abdul a siyasa, Na'im a waƙa, Sami a ilmi. Sami ɗin nan shi ne ya wallafa shahararren ƙamus na Turkanci, shi ne kuma ya tsara wa harshen uwarsa baƙaƙe a Santambul a 1879. Makarantar farko mai koyarwa da Albaniyanci an buɗe ta a Korca ran 7 ga watan Maris, 1887. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin hukumar Turkawa na rufe makarantu, shugabannin cocin Girka na tsinuwa. A 1905 'yan bindigar Girka suka kashe wani limamin coci, Kristo Negovani, saboda yana karantarwa da harshen mutanensa.

Daga 14 zuwa 22 ga watan Nuwamba, 1908, wakilai na addinan nan duka suka taru a Manastir, garin da yanzu ake kira Bitola a Masedoniya ta Arewa, domin a tsai da baƙaƙe ɗaya. Midhat Frashëri, Musulmi, ya shugabanci taron, Gjergj Fishta, limamin Katolika kuma babban mawaƙi, ya shugabanci kwamitin. Suka amince da tsari biyu, na Santambul da wani sabo na baƙaƙen Latin zalla, amma cikin 'yan shekaru sabon ya rinjaya, dalili kuwa na 'yan kasuwa ne: kowace maɗaba'a a Turai na iya buga shi. Baƙaƙe 36 ne, biyu kaɗai ke da alama ta musamman, sauran sautukan da Latin ba shi da su sai aka haɗa musu baƙi biyu-biyu. Duk wanda ya taɓa wahalar neman keken rubutu mai ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ya san hikimar wannan.

Masu mulkin Santambul ba su yarda ba. A 1910 ofishin Shaihul Islami ya yi hani ga Musulmin Albaniya su yi rubutu da baƙaƙen Latin, aka yi ta gangami a garuruwa, waɗansu na goyon bayan ajami, dubbai kuma a Korca da Berat na goyon bayan sabon rubutu. Bayan shekara 18, a 1928, Turkiyya da kanta ta jefar da baƙaƙen Larabci. Amma fa a faɗi gaskiya, nasarar nan ta ci wani abu: yau ƙalilan ne cikin Albaniyawa ke iya karanta waƙoƙin masu baiti yadda aka rubuta su.

Ran 28 ga watan Nuwamba, 1912, Isma'il Kemal ya ɗaga tutar 'yanci a Bulora. Taron su Grey ya amince da ƙasar a 1913, amma ya bar kusan rabin masu harshen a waje: Kosobo ta tafi Sabiya, waɗansu yankuna Mantenegiro da Girka. Shi ya sa a yau Albaniya ke da mutum wajen miliyan 2.4 bisa ƙidayar 2023, Kosobo, wadda ta ayyana 'yancinta a 2008, na da wajen miliyan 1.6 waɗanda fiye da kashi 90 cikin 100 Albaniyawa ne, a Masedoniya ta Arewa kuma sun kai kimanin rubu'in jama'a.

Karin Harshen Wa Za A Rubuta?

A nan ne nake so ɗalibai su kasa kunne sosai. Albaniyanci kari biyu ne manya, kogin Shkumbin ya raba su: Geg a arewa, har da Kosobo duka, Tosk a kudu. Inda Geg zai ce Shqipnia, Tosk zai ce Shqipëria, domin "n" na tsakiyar kalma yakan koma "r" a kudu. A 1916 da 1917 wani kwamiti a Ishkodara ya zaɓi karin garin Elbasan, wanda ke tsakiya, ya zama na hukuma. Da 'yan gurguzu suka kama mulki a 1944 ƙarƙashin Enver Hoxha, mutumin kudu kamar galibin muƙarrabansa, sai aka juya akala zuwa Tosk. Aka haramta littattafan Fishta, aka rufe bakin adabin Ishkodara, a 1967 ma aka rufe masallatai da coci-coci gaba ɗaya.

Tun 1948 iyakar Albaniya da Yugoslabiya, wadda Kosobo ke ciki, ta zama kamar katangar kurkuku, mutum kan tsufa bai ga ɗan'uwansa na ƙetare ba. Duk da haka, a watan Afrilu na 1968 malaman Kosobo suka taru a Firishtina suka yanke shawarar ajiye karinsu na Geg a rubutu, su bi tsarin Tirana. Ba wanda ya sa musu bindiga. Sun lura ne hukumomin Belgired na kiransu da suna daban da na mutanen Albaniya, kamar al'umma biyu ce, suka ga in rubutu ya rabu to maganar ta tabbata. A watan Nuwamba na 1972 aka yi babban taron daidaita rubutu a Tirana, wakilan Kosobo da Masedoniya da na Italiya suka halarta suka sa hannu. Tun daga nan littafin Isma'il Kadare, babban marubucinsu da ya rasu a 2024, yaron Firishtina na karanta shi kamar yadda yaron Tirana ke yi. Farashin kuwa shi ne, fiye da rabin al'ummar na rubuta abin da ba haka suke faɗinsa a gida ba, kuma tun faɗuwar gurguzu a 1991 marubutan arewa ke ƙorafin an yi musu fin ƙarfi. A ganina suna da gaskiya, waɗanda suka sa hannu a 1968 su ma suna da tasu.

Mu Komo Gida

Iyakarmu ba ta taɓa zama katanga irin tasu ba. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Illela ta kasance cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe, an kuma rufe bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga watan Yuli, 2023, har zuwa Maris na 2024. Kowane karo talaka ya sha wuya, farashin gero da albasa ya rikice, amma 'yan kabu-kabu sun san hanyar gona, ba a fasa zuwa biki da ta'aziyya ba. A baki, Hausar Illela da ta Ƙonni ɗaya ce. Duka suna cewa hwari da tahiya da biyat, suna cewa wanga da wagga, gidanai maimakon gidansa, munka da sunka da anka, shi na da ita ta maimakon shi ne da ita ce. Mutumin Illela ya fi kusa da na Ƙonni a magana nesa ba kusa ba bisa ga yadda yake da Bakano.

Bambancin da ya shigo ta ƙofar ofis da makaranta ya shigo. Wancan na zuwa lakwal wurin mushe da kaye a hannu, wannan na zuwa firamare wurin tica. Can akwai duwan da buro da farfe, nan akwai kwastan da ofis da ciyaman. Ko lissafin kuɗi sai an yi hattara: jaka a bakin mutumin Ƙonni sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, alhali a bakin dattijon Illela jaka naira 200 ce. Wannan duk aro ne, harshe kuwa ba ya mutuwa don aro, mun ga Albaniyanci. Abin da ya fi damuna shi ne takarda.

Kafin Turawa, malamin Ƙonni da na Illela rubutu ɗaya suke yi, watau ajami, wasiƙar ɗaya ɗaya na karantawa. Boko kuwa ta gefen Ingila ya shigo, kuma ba mu muka zauna muka zaɓe shi ba kamar yadda aka yi a Manastir. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fito da ƙa'idojin rubutu a 1912. Aka kafa hukumar fassara da talifi, wadda Rupert East ya riƙe a Zariya, aka yi gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ƙamus na Bargery ya fito a 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Hukumar Harshen Hausa a 1955. A ɗaya gefen kuwa Faransa ba ta yarda a koyar da kowane harshen ƙasa a makarantarta ba. Sai bayan mulkin kai, a taron Bamako na 1966, Nijar ta sami tsarin rubutu, shi ma ya saɓa da na Nijeriya, har da ninka wasali mai tsawo. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram aka buɗe ta a 1973. A Janairun 1980 masana na ƙasashen biyu suka zauna a Yamai suka daidaita mafi yawan saɓanin, wannan ne abin da ya fi kama da taron Tirana a tarihinmu. Ajami kuma ya ci gaba da rayuwa a zaure, hukuma na janye jiki daga gare shi, har aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007.

Baƙi ɗaya ya rage da har yanzu ke raba mu: Nijeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa. Abin dariya, abin kuma takaici, mutanen Illela da Ƙonni da wannan baƙi ya ratsa tsakaninsu ba haka suke faɗin kalmar ba sam. Su ɗiya suke cewa, 'yanci kuma ɗiyauci. Domin daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, Kananci ya zama Tosk ɗinmu, Sakkwatanci ya zama Geg. Kuma kamar yadda Ishkodara ta riga Tirana adabi, haka yammacin ƙasar Hausa ya riga gabas yawan waƙa, rubutacciya da ta baka. Da wannan kari Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Sa'idu Faru suka yi waƙa. Na sha duba kundin ɗalibi na tarar ya ɗauko waƙar ɗayansu ya "gyara" ta zuwa Hausar aji, ya mai da anka an, ya mai da wagga wannan, karin waƙar ya karye bai ma ji ba. Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce, kuma mu malamai muka koya masa jin kunyar bakin uwarsa.

Ba ina kira a rushe daidaitacciyar Hausa ba ne. Ba don ita ba da jaridar Zariya ba ta karantu a Maraɗi, da labaran rediyo ba su gamsar da Agadas da Kumasi lokaci ɗaya ba. Mutanen Kosobo sun nuna abin da rubutu ɗaya ke tsare wa al'ummar da aka raba. Amma su a ƙarƙashin mulkin kama-karya aka yanke nasu, ba a bar wa Geg ko taga ba. Mu ba abin da ya hana ƙamus ɗinmu ya karɓi ɗiya da wanga a matsayin Hausa ingantacciya, a koya wa yaro cewa ga yadda ake rubuta takardar hukuma, ga kuma yadda ake rubuta waƙar Narambaɗa, kowanne daidai ne a muhallinsa. Haka kuma ya kamata mu tuna cewa a Nijar akwai Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari, a Nijeriya akwai ɗaruruwan harsuna, kada wanda aka taka jiya ya zama mai taka wani.

Maganar ta tashi daga ta malaman jami'a kaɗai, domin shekarar 2025 ta zo da abu biyu masu karo da juna. A watan Maris, sabon kundin mulkin Nijar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sauko da Faransanci ya zama harshen aiki tare da Ingilishi. A watan Nuwamba kuwa, gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ba da sanarwar soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta mai da Ingilishi harshen koyarwa tun daga ajin farko. Shekara 100 da suka wuce gefen Illela ne ke buga littafin Hausa, gefen Ƙonni an hana. In Nijar ta aiwatar da abin da ta rubuta, za ta bukaci littattafan lissafi da kimiyya da shari'a cikin Hausa, za ta bukaci kalmomin da za ta zuba a ciki, kuma dole wani ya yanke ko daga Kano za a ɗauko su, ko daga Damagaram, ko daga bakin mutanen Adar da Gobir, ko kuwa a ƙera su daga Faransanci. Jikokin tsohuwa ɗaya, ɗaya a aji uku a Illela, ɗaya a aji uku a Ƙonni, su za su fara karanta abin da aka yanke.